Ni Ce Muryar Zulaikha

Assalamu alaikum masu bibiyata. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ku yi mini uzuri. Ke kuma 'yar'uwar da ta turo mini saƙo wai na cika ƙorafi a kan namiji, karanta wannan tukuna, in kin gama sai ki dawo mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Mairam, 'yar Malam Dunoma mai hatsi a nan Babura. Kakanninmu daga gabas suka zo, shi ya sa har gobe gidanmu ba ya rabo da turaren wuta. Ina koyarwa a firamare, na haura shekara ashirin da biyar, kuma a garinmu wannan kaɗai ya isa a riƙa yi wa uwarki jaje a gidan biki. Wanda nake so sunansa Jalaluddeen, mutumin Kazaure. Yana da shagon tura fina-finai a waya kusa da tasha, da wani ɗan ɗaki a baya inda yake fassara fim zuwa Hausa.

Akwai wani fim ɗin Turawa mai dogon zango, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, Jalal ya raɗa masa suna Mai Taswira. Wani mutum ne yake yawo a jirgi daga wannan duniya zuwa waccan yana zana taswirar sararin samaniya. Kujera biyu ce a jirgin, ɗaya tasa, ɗaya ta abokin tafiya. Duk bayan 'yan zanguna sai masu fim ɗin su sauke na kujera ta biyu su ɗora wani. Jalal ne yake ba su sunayen Hausa. An yi Fatu mai kwalkwali, an yi Daudu mutum-mutumin ƙarfe, an yi Nafisat likita, sai Zulaikha da ake yayi yanzu. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har 'yan Nijar masu shigowa cin kasuwa, ba wanda ya damu da shi Mai Taswirar kamar yadda aka damu da kujerar nan ta biyu. A kanta ake faɗa a guruf ɗin hira na masu kallo a waya, kuma faɗa na gaske, mutum ya yi zuciya ya fita, jibi a gan shi ya lallaɓo ya dawo.

Abin da 'yan guruf ba su sani ba shi ne, ni ce muryar Zulaikha.

A wurin zance abin ya fara. Wata Asabar ya zo ya kunna mini kashin farko da Zulaikha ta fito, shi ya yi muryar namijin, shi ya maƙe murya ya yi ta macen. Yarinya tana kuka a gaban garinsu da ya ƙone, ni kuwa ina dariya har da riƙe ciki.

“Jalal, wannan ai kamar an shaƙe akuya ne. Mutane dariya za su yi a wurin kuka.”

“To Malama, tunda kin iya, gwada mana.”

Ya miƙo mini iyafis, abin sawa a kunnen nan mai ɗaukar murya. Na faɗi layi biyu cikin wasa. Da ya sake kunnawa sai na ga ya zuba mini ido, irin kallon da har yau in na tuna sai na tsani kaina saboda yadda ya yi mini daɗi.

“Baba zai kashe ni,” na ce.

“Wa zai sani? Ba fuska, ba suna. Murya ce kawai, Mairam.”

Haka muka ɗauko. Ya turo mini yanki da fassararsa, in zauna in gyara Hausar, don Jalal in ya fassara magana sai ka ji kamar Bature ya ari bakin Bahaushe. In Baba ya fita kasuwa, Iya mahaifiyata tana can baya wurin tumakinta, sai in tura ƙofa, in shige ƙarƙashin bargo da waya don kada ɗaki ya yi amsa-kuwwa. Cikin zafin bazarar Babura fa nake gaya muku. In fito jiƙe da gumi, kwalli ya dame, amma raina fes. Duk tsiwar da kuke so a bakin Zulaikha, duk maganar da take yaɓa wa Mai Taswira, rabinta ba ta cikin fim ɗin Turawa, tawa ce. Shagonsa ya cika, masu tura fina-finai daga Roni da Gwiwa suka koma saye a wurinsa. A ganina shagon mijina nake tayarwa, me zai dame ni?

Sau ɗaya aka yi kuskure. Akwai wata tsohuwar Bafulatana, Inna Halimatu mai nono, da take shigowa layinmu da hantsi. Tana da wani kira da take ja, ta ɗaga shi sama ta sako shi ƙasa, duk ɗan Babura ko a barci ya ji ya san ita ce. Ranar ina ɗaukar wurin da jirgi ya mutu a tsakiyar duhu, ba motsi ba ƙara, Zulaikha tana raɗa, sai Inna Halimatu ta doka sallama a tsakar gidanmu ta saki kiran nan nata. Na gaya wa Jalal ya yanke wurin in sake. Ya ce to. Da kashin ya fito, ga kiran nan raɗau a bayan muryata.

Guruf ya kusa fashewa. “Ashe a sararin samaniya ma ana tallan nono!” Aka yanko wurin, kowa ya ɗora a kan wayarsa, har sitika aka yi. Na kira shi ina kuka.

“Ka ce za ka cire.”

“Na manta ne wallahi. Amma kin ga yadda ake rububinsa? Kwantar da hankalinki, masu nono nawa ne a Jigawa?”

Masu nono suna da yawa. Amma mai wannan kiran ɗaya ce, gidajen da take shiga a layinmu ba su da yawa, kuma a cikinsu gida ɗaya ne mai fassarar fim yake zuwa zance duk Asabar. Ni na yi wannan lissafin tun ranar. Shi ma na tabbata ya yi.

Bayan an gama kaka Baba ya kira ni. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce, “Mairam, yaron nan na Kazaure ya cinye mana tabarmar zaure. Ki ce masa ya turo manya.” Na gaya wa Jalal, ya ce ba matsala, amma a gidansu sai an yi bincike tukuna, Kawunsa Hamma ne zai shigo Babura ya tambayi asali da hali. Na yi dariya a raina. Gidan Dunoma ne za a bincika? Su zo su bincika.

To yau Asabar, kuma ta zo daidai da ranar kasuwa. Tun azahar na fara shiri. Na sa atamfata ruwan ƙasa mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, na ɗauko mayafi ruwan madara wanda ban taɓa sawa ba. Iya da kanta ta kawo mini kasko ta zuba turare, ta ce in tsaya a kai, ta ɗiga mini humrarta ta cikin akwati wadda ko ranar Sallah sai an roƙa.

“Yau dai a tambaye shi rana,” ta ce. “Na gaji da amsa tambayar matan unguwa. In ya fara kewaye-kewaye ki ce ni na aiko ki.”

“Iya, kunya fa.”

“Kunyar me? Zoɓona da ya sha a gidan nan ya isa a yi wa ƙaramin yaro wanka.”

Ina ɗaura ɗankwali wayata ta hau ƙara ba tsayawa. Labari ya fito cewa a ƙarshen wannan zangon za a sauke Zulaikha daga jirgi, guruf ya kama da wuta. Ina ciki tun kafa shi, ba hoto, ba suna, ban taɓa cewa uffan ba.

Shafi'i na Roni ya rubuta: “Wallahi in aka sauke Zulaikha na daina kallo. Ita kaɗai ce take gaya wa mutumin nan gaskiya a fuskarsa.”

Bahijja ta Gwiwa ta amsa: “Kai dai murya ce ta ruɗe ka. Nafisat ta fi ta aji. Likita ce, ta san abin da ya kai ta jirgi. Ita wannan me ta iya ban da tsiwa?”

Wani ya faɗo: “Duk ku zauna, Daudu ne gwarzo. Ba kuka, ba fushi, ba a yi mini kaza ba. A yi masa caji kawai a wuce.”

“Fatu fa? Ita ta fara gyara injin jirgin da hannunta.”

“Fatu ta zamanin kakanninmu ce, Malam, ka je ka huta.”

Shafi'i ya dawo: “Ku tuna ranar da iska ta ƙare a jirgi. Wa ya cire nasa bututun ya ba shi? Nafisat ɗinku da lissafi za ta tsaya yi.”

Bahijja ba ta bari ba: “To sai me? Mace ta bar gidan ubanta ta bi namiji duniya-duniya, ba aure ba komai, sannan ku ce mu tausaya mata? Ita ta kai kanta.”

Na rubuta mata amsa mai tsawo, na goge. Ina ruwana, na ce, yarinyar fim ake zagi. Na ajiye wayar, na koma kan ɗaurin ɗankwalina.

Sai ga saƙon murya daga admin, mai kula da guruf. Admin ɗin Jalal ne. Na kanga wayar a kunne.

“Jama'a, a kwantar da hankali. Zulaikha ta yi ƙoƙari, ba mai musu. Amma ku duba, shi Mai Taswira wata rana gida zai koma. Akwai macen da ake yawo da ita, akwai wadda ake kaiwa gida. Zulaikha ta tafiya ce. Sabuwa tana nan zuwa, kuma na yi muku alkawari kafin zango ya raba kun manta da wannan.”

Na sake kunnawa. Na kuma sakewa. Muryarsa a sake, har da 'yar dariya a ƙarshe. Na ce wa kaina maganar fim ce, talla yake yi wa sabon zango. Masu karatu, mace in tana so, ba wanda ya kai ta iya yi wa kanta ƙarya.

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa. Na ɗauki jug ɗin zoɓo da kofi na fita zaure. Yana zaune a bakin tabarma, shadda ruwan toka, da hular zanna da na sa aka kawo masa daga Maiduguri. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon takalminsa. Na zuba zoɓo, bai taɓa ba.

“Na ji saƙonka a guruf,” na ce.

“Wane? Au, wannan. Kin san mutanen nan sai da zuga.”

“Iya ta ce in tambaye ka rana.”

Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

“Mairam, akwai 'yar matsala. Ƙarama ce, in an bi a hankali.”

“Ina ji.”

“Kawu Hamma ya shigo. Gidanku kam ba abin da aka ce sai alheri, kowa ya yabi Baba. To amma a wurin tambayar, wani ya kunna masa wurin mai nonon nan. Ya ce masa ai duk gari an san daga ɗakin wa aka ɗauka. Kawu ya karɓa a wayarsa, ya riƙa bi yana tambaya ko gaskiya ne.”

“Yana bi yana tambaya. A ina?”

“A unguwa. Da kasuwa.”

Kasuwa. Inda Baba yake da rumfa tun kafin a haife ni.

“Sai aka yi yaya?”

“Ya kai wa Hajiya.” Hajiya mahaifiyarsa ce. “Kin san mutanen da. Ta ce ita ba za a kawo mata 'yar fim gida ba. Ta ce muryar da kowane ɗan acaɓa yake ji a kunnensa, da masu shayi, da 'yan tasha...”

“Ƙarasa mana.”

“Ta ce ba muryar matar aure ba ce.”

“Ka gaya mata wa ya miƙo mini iyafis ɗin?”

“Mairam, uwa ce. Ba a jayayya da uwa.”

“Ban ce ka yi jayayya ba. Na ce ka gaya mata? Ka ce Hajiya, ni na roƙe ta, ni na ce ba wanda zai sani, ni na bar kiran mai nonon da gangan saboda ana saye?”

“Ba da gangan ba ne.”

“Jalal.”

Ya kau da kai wajen ƙofa. Wallahi da ya yi kuka, ko ya ce ya ji kunya, da wataƙila na yafe masa a wurin, don haka nake, sakarya. Amma sai ya sa hannu a aljihu. Na ɗauka hankici zai ciro. Iyafis ne, sabo fil a ledarsa.

“Ki ba ni lokaci in shawo kanta. Kafin nan, ga kashin ƙarshe, wurin sallamar. Layuka kaɗan ne. Mutane suna jira, masu turawa sun dame ni da waya. In kin yi wannan kin huta gaba ɗaya, kin ga sai in ce wa Hajiya ai kin daina. Sabuwar na riga na samu mai yi, wata Khairiyya ce a nan Kazaure.”

Na kalli ledar nan a kan tabarmar gidanmu. Mutumin da ya zo gaya mini an fasa aurena, bai manta ya biya ya sayo kayan aiki ba.

“Ita Khairiyyar an gaya mata abin da murya take jawowa?”

“Ba wanda zai sani. Wannan karon zan kula.”

“Me ya sa ka wahalar da kanka? Ga Sadiyya a gida, ƙanwarka. Na ji ta a waya, muryarta ta fi tawa zaƙi.”

Ya ɗago da sauri, fuskarsa ta canza, har jijiyar wuyansa ta tashi.

“Haba Mairam! Ƙanwata fa? Uwa ɗaya uba ɗaya? Wa zai aure ta in...”

Ya kama bakinsa, amma maganar ta riga ta fita.

Ashe ya sani. Tun ranar da ya ce murya ce kawai, ya sani. Ba Hajiya ba ce, ba Kawu Hamma ba ne, ba Inna Halimatu da ƙwaryarta ba ce. Shi da kansa yana da ma'auni a zuciyarsa, ya ɗora ƙanwarsa a gefe ɗaya, ya ɗora ni a ɗaya gefen, tun ina ƙarƙashin bargo ina gumi ina gyara masa Hausa. Ban yi kuka ba.

Na tura masa ledar da ɗan yatsa.

“Ka yi da kanka.”

“Mairam, ki tsaya ki fahimce ni.”

“Na fahimce ka. Yau ne ma na fara. Tashi ka tafi kafin Baba ya dawo.”

Jin sunan Baba ya sa ya miƙe ba musu. Ya ɗauki iyafis ɗinsa, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya juyo, na ɗauka haƙuri zai bayar. Cewa ya yi in na huce in duba yankin, ya riga ya turo mini a waya.

Na kwashi jug da kofi na shiga gida. Iya tana tankaɗe a gindin bishiya, ta ɗago da murmushinta.

“Yaushe?”

Na wuce ta kamar ban ji ba. Ban kai ƙofar ɗaki ba na ji sallamar Baba. Ranar kasuwa Baba ba ya dawowa sai an kira magariba, yau ga shi rana ba ta faɗi ba. Babbar rigarsa duk ƙaiƙayin gero, bai ko kakkaɓe ba. Iya ta tashi za ta kawo ruwa, ya ɗaga mata hannu. Ya zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

“Mairam, zo nan.”

Na zo na durƙusa a gabansa, mayafina yana jan ƙasa.

“Yau a rumfa wani dillali ya kunna mini wani abu a waya,” ya ce, a hankali, kamar yana ba da labarin wani. “A gaban abokan ciniki, da baƙinmu na Nijar, da yaran da nake biya kuɗin dako. Wata yarinya tana gaya wa wani namiji wai duk inda za shi ƙafarta ƙafarsa. Suka ce 'yata ce. Suna dariya.”

Iya ta saki rariya.

“Na ce ƙarya ne. Na ce 'yata malama ce, daga makaranta sai gida. Suka ce in saurara da kyau. Na ce ba na buƙata, na san abin da na haifa.” Ya dubi ƙasa. “Na rantse musu da Allah, Mairam. A tsakiyar kasuwa. Tunda nake awo a garin nan ban taɓa rantsuwa a kan buhu ko mudu ba, kowa ya sani. Shi ya sa da na rantse suka yi tsit, dillalin ya ba ni haƙuri.”

Ya sunkuyo ya dube ni. Idonsa ya yi ja, amma babu fushi a ciki, kuma wallahi da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

“Yanzu ke nake tambaya. Rantsuwar nan da na yi, a kan gaskiya na yi ta?”

Na buɗe baki. Ina so in ce masa an yaudare ni, ina so in ce aure na ɗauka za a yi, ina so in ce ya yafe mini. Kalma ɗaya ce ta iya fita.

“Baba...”

Ya rufe ido, ya karkato da kunnensa wajena yana saurare kamar yau ya fara jin na yi magana. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

“Ya isa,” ya ce. “Na ji.”